Yadda Ake Rubuta Labarin Almara na Matasa Mai Soyayyar Jinsi Ɗaya da Bijire wa Mulkin Zalunci

Wanda ya ƙuduri aniyar rubuta wa matasa labarin almara mai ɗauke da sihiri da azzalumar gwamnati da soyayya tsakanin 'yan mata biyu ko samari biyu, kuskuren da ya fi saurin faɗawa ciki shi ne ya rubuta littattafai biyu a cikin bango ɗaya, na yaƙi daban, na soyayya daban, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya gama magana. Maganin haka shi ne ka ɗaure su da igiya ɗaya tun kafin ka rubuta babin farko, ta yadda duk abin da ya kusanta masoyan da juna zai ƙara jefa su cikin haɗari, duk kuma abin da gwagwarmaya ta nema daga gare su zai taɓa soyayyar.

Ka fara da mulkin, domin shi ne ya fi cin aiki. Mugun sarki mai jajayen idanu wanda yake kashe mutane saboda nishaɗi ba ya tsorata mai karatu, domin ba ya kama da kowa. Abin da ke tsoratarwa shi ne tsari: wa ke karɓar haraji, wa ke rubuta sunaye, wa ke cin moriya idan maƙwabcinsa ya ɓace. A Jamus ta Gabas, ƙasar da mutanenta suka kai kimanin miliyan 16, hukumar leƙen asiri ta Stasi tana da ma'aikata kusan 91,000 a shekarar 1989, ban da 'yan rahoto fiye da 170,000 da ke zaune a cikin jama'a, wasunsu abokai ne ko dangin waɗanda suke kai wa ƙara. Irin wannan tsoro, wanda mutum ke auna kalma kafin ya furta ta a ɗakin kwanansa, shi ne ƙasar da soyayyar ɓoye ke tsirowa a kanta.

Daga nan sai ka yanke shawara guda wadda ba a ɗage ta: shin duniyar da ka ƙaga ta haramta wannan soyayya, ko kuwa ba ta ɗauke ta bakin komai ba? Duka hanyoyin biyu suna ɓullewa. Idan ka zaɓi haramci, ka tuna cewa doka takan fi wanda ya yi amfani da ita tsawon rai. Sashe na 175 na dokar laifuka ta Jamus, wanda ya hukunta alaƙa tsakanin maza, an kafa shi a 1871, 'yan Nazi suka tsananta shi a 1935, amma ba a soke shi gaba ɗaya ba sai a 1994, kusan shekara hamsin bayan faɗuwarsu. Saboda haka kashe sarki a babin ƙarshe ba zai warware komai nan take ba, kuma matashi mai karatu ya san haka. Idan kuwa ka zaɓi duniyar da ba ta damu ba, dole katangar da ke tsakanin masoyan ta fito daga wani wuri, kamar a ce ɗaya 'yar gidan masu mulki ce, ɗayar kuma tana cikin waɗanda ake farauta.

Ga misali. Yarinya 'yar shekara 17 tana aiki a ofishin da ke rajistar duk wanda aka haifa da sihiri, aikinta shi ne kwafe sunaye daga takarda zuwa babban kundi. Wata safiya alƙalaminta ya iso kan sunan wadda suka raba gurasa daren jiya a kan soro. Mai duba aiki yana tsaye a bayanta, tawada tana taruwa a bakin alƙalamin. Idan ta tsallake sunan, lissafi ba zai cika ba, kuma an san hannunta. Idan ta rubuta, kafin magariba za a je ƙofar gidan. A wannan sakin layi ɗaya soyayya da siyasa sun zama abu guda, ba tare da wani ya yi jawabi ba.

Sihirin kuwa ka sa masa farashi da iyaka, ka rubuta dokokinsa a wata takarda daban, kada ka karya su don ka ceci jarumarka.

Turjiyar ma ka auna ta da ƙarfin matasa. Ba lallai ne 'yar shekara 16 ta jagoranci runduna ba, kuma a ganina labari ya fi daɗi idan ba ta yi ba. Ɗaliban ƙungiyar Farar Fure, masu adawa da mulkin Nazi a birnin Munich na Jamus, galibi takardu suka riƙa bugawa suna rarrabawa a 1942 da 1943, kuma mai kula da ginin jami'a ne ya ga biyu daga cikinsu, Sophie Scholl da yayanta Hans, suna rarraba takardun ya tona su, aka kashe su bayan kwana huɗu, ranar 22 ga Fabrairu, 1943. Ka lura da ƙanƙantar aikin da kuma girman abin da ya jawo. Ka bar 'yan tawayenka su yi saɓani, su yi kuskure, wani ma ya ci amana saboda dalilin da mai karatu zai fahimta.

Masu karanta wannan rukuni galibi 'yan shekara 12 zuwa 18 ne, don haka soyayyar ta tsaya ga kallo da shakka da riƙon hannu da maganar da aka kasa faɗa. Kowanne daga cikin masoyan ya kasance yana da buri da aibi da abin dariya nasa, waɗanda ba su da alaƙa da wanda yake so. Akwai kuma tsohuwar al'adar da ya kamata ka sani: ƙa'idar tace finafinai ta Hays, wadda aka tilasta a Amurka daga 1934 zuwa 1968, ta hana nuna irin wannan soyayya a fili, kuma tana cikin abubuwan da suka sa aka saba ƙare labarin irin waɗannan taurari da mutuwa ko haukacewa. Mutuwa tana iya shiga labarinka idan zaɓin tauraron ne ya kai shi gare ta, amma idan ta zo a babin da ya biyo bayan furta soyayya, mai karatu zai ɗauke ta a matsayin hukunci.

Littafin farko a wannan fanni yakan kai kalmomi 70,000 zuwa 100,000. Idan ka gama rubutun farko, ka bi shi babi bayan babi da alƙalami mai launi biyu, ɗaya na soyayya, ɗaya na gwagwarmaya, kuma duk inda ka ga launi ɗaya ya yi babi uku a jere shi kaɗai, daga nan za ka fara gyara.