Yadda na samu izinin shiga Tibet bayan bizata ta fito

Da bizar kasuwanci ta ƙasar Sin ta fito a nan Abuja, na ɗauka an gama magana, har na sayi tikitin jirgi daga birnin Chengdu zuwa Lhasa, babban birnin yankin Tibet na ƙasar Sin, da niyyar in leƙa bayan na kammala sayayya a Guangzhou. Wani abokin ciniki ne ya ankarar da ni cewa baƙo ba ya shiga Tibet da biza kaɗai, sai da takardar izini ta musamman, wadda kamfanin yawon buɗe ido mai rajista ne yake nema wa mutum, tare da haɗa shi da ɗan rakiya.

Na tura wa wani kamfani hoton fasfo da na biza, sai suka mayar da amsa cewa tunda bizar ba ta yawon buɗe ido ba ce, dole in ƙara da wasiƙa daga kamfanin da ya gayyace ni. A nan na fi shan wuya, domin wasiƙar farko ta zo ba hatimi, sai da na sa aka sake ta da jan hatiminsu. Na ɗage tikitin da mako biyu, kuma ban yi nadamar kuɗin canjin ba.

Ainihin takardar izinin ake dubawa kafin hawa jirgi, saboda haka na ba kamfanin yawon buɗe idon adireshin otal ɗina na Chengdu don su aiko mini da ita. A can mai karɓar baƙi ya miƙo mini ita cikin ambulan, na duba sunana da lambar fasfo harafi bayan harafi kafin na sa hannu.