Yadda za ka saba da bin ƙwaƙƙwafi a aikin kwamfuta

Yawancin ɗaliban SIWES, wato masu zuwa koyon aiki daga manyan makarantu, da ake turo mana a nan Gombe sun iya kwamfuta, wasu har Python suna taɓawa. Garaje ne ke kayar da su. Yaro zai gama aiki, ko waiwaye bai yi ba, sai ka ji "Oga, na gama." Bin ƙwaƙƙwafi sabo ne, kuma ga yadda nake ɗora su a kai.

Da farko, maimaita wa wanda ya ba ka aikin abin da ka fahimta, da bakinka. "Yallaɓai, duka sunayen zan gyara ko na Akko kaɗai?" Tambayi ma'aunin da ake aiki da shi. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya na injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana zaton newton ne.

Na biyu, kada ka taɓa fayil sai ka ajiye kwafinsa, da kwanan wata a sunan, shekara a gaba: 2025-03-14. Ban yarda da "sabo" da "sabo na ƙarshe" ba. Datar da za ka ƙona ka ɗora kwafin a Google Drive ba ta kai kuɗin Keke Napep daga Pantami zuwa Tashan Dukku ba.

Na uku shi ne Excel, kuma nan ne kowa ke faɗuwa. An ba ka fayil na CSV, wato jadawalin da aka ajiye a matsayin rubutu zalla, mai lambobin waya da na asusun banki. Kana danna shi sau biyu ya buɗe, Excel ya ɗauke su a matsayin lissafi, ya cinye sifilin farko. Lambar waya mai 11 ta koma 10, lambar asusu mai 10 da ta fara da sifili ta koma 9. Idan lambar ta fara da 234, za ka gan ta kamar 2.34803E+12, kuma kana adanawa a CSV haka za ta zauna, sauran lambobin sun tafi. Duk abin da ya wuce lamba 15, irin ta katin ATM, Excel na mayar da ƙarshensa sifili. Saboda haka buɗe Excel tukuna, shiga Data, zaɓi From Text/CSV, ka mayar da waɗannan jerin Text kafin ka shigo da su.

Kwanan wata ya fi wannan mugunta, domin ba ya nuna alama. A wajenmu 03/04 uku ga Afrilu ne, kwamfutar da ke kan tsarin Amurka kuwa za ta karanta huɗu ga Maris. Ranakun da suka wuce 12 za ta bar su yadda suke, sauran ta juya su shiru, rabin fayil daidai rabi a birkice. Sai sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ: in ba CSV UTF-8 ka zaɓa wajen adanawa ba, Ɗanjuma zai dawo da alamar tambaya a gaban sunansa. Kuma kada ka gyara wa mutum Mohammed zuwa Muhammad don ya fi maka kyau. Yadda yake a takardarsa ta NIN, haka za ka rubuta, in ba haka ba ka jawo masa zarya a banki ko wajen rajistar JAMB.

Kafin ka miƙa, ƙirga layukan da aka ba ka da waɗanda suka fito. A Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta tsallake kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona, saboda tsohon tsarin XLS ba ya wuce layi 65,536.

Na huɗu, umarnin da ba ya dawowa. Kafin DELETE (gogewa) ko UPDATE (sauyawa) a rumbun bayanai, gudanar da SELECT, mai nuna layuka kawai, da sharaɗin WHERE ɗin da za ka yi amfani da shi, ka ga layukan da abin zai shafa da idonka. Duba sunan sabar (server, kwamfutar da ke riƙe da bayanan) da kake ciki; a Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai a babbar saba yana zaton ta biyu ce. Duba sunan fayil ma: a kwamfuta mai tsarin Linux, Logo.png daban, logo.png daban.

Sauran ba wuya. Tashi ka sha ruwa, ka dawo ka karanta aikin daga ƙasa zuwa sama, sannan abokin aiki ya sake dubawa. Rubuta duk kuskuren da aka kama maka a ɗan littafi, ka riƙa bi kafin miƙa kowane aiki. A ofishinmu ba a ɗora sabon abu a saba ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai Litinin.