Kurakuran da mai ɗaukar hoto mai zaman kansa ya fi yi a wurin girgizar ƙasa

Idan babban kamfanin dillancin labarai ya tura ma'aikacinsa inda girgizar ƙasa ta auku, akwai edita mai bibiyar lafiyarsa, akwai inshora, akwai lauya, akwai kuma kuɗin mota da na tafinta. Mai ɗaukar hoto mai zaman kansa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin daga aljihunsa yake biyan kuɗin jirgi, kuma sai ya sayar da hoto zai mayar da abin da ya kashe. Wannan matsi shi ne tushen yawancin kurakuran da yake yi, saboda yana sa shi gaggawar isa wurin, da gaggawar matsawa kusa, da gaggawar sakin hoto kafin wani ya riga shi.

Gaggawar takan fara tun daga gida, inda mutum zai ɗauki kyamara da fasfo kawai ya kama hanya. Girgizar da ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya a ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8, ta zo da ƙarfe 4:17 na asuba a tsakiyar hunturu, ta katse wuta da ruwa, ta kuma tsaga titin saukar jirage na lardin Hatay da ke kudancin Turkiyya. Wanda ya isa irin wannan wuri ba tare da guzuri ba zai ci abincin da aka kawo wa marayu, ya kuma rufa da bargon da aka tanadar wa wanda gidansa ya rushe. Gyaran shi ne mutum ya taho da ruwa da abincin kwanaki, da abin kwanciya, da tsabar kuɗi tunda na'urorin banki ba sa aiki, da hular kwano, da takalmi mai kaurin ƙasa, da takunkumin fuska saboda ƙurar siminti. Sanyi yana shanye batir da wuri, don haka ana ajiye na ko-ta-kwana a aljihun ciki kusa da jiki. Takardar izinin aikin jarida ma a neme ta tun kafin tafiya, haka nan izinin jirgi marar matuƙi, wanda ƙasashe irin su Maroko ba sa barin a shiga da shi haka kawai.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da ƙasa ta lafa an gama. A Turkiyya girgiza ta biyu, mai maki 7.5, ta biyo baya cikin kimanin sa'o'i tara, kuma a ranar 20 ga watan wata ta sake jijjiga Hatay ta ƙarasa gine-ginen da suka riga suka tsage. A Nepal, bayan ta 25 ga Afrilun 2015, wata mai maki 7.3 ta zo a ranar 12 ga Mayu. Saboda haka shiga ginin da ya tsage domin a ɗauki hoton agogon da ya tsaya ko takalmin yaro ganganci ne. Hawa tsibin ɓaraguzai domin a hango wurin da kyau ya fi wannan muni, domin mai yiwuwa akwai mai rai a ƙarƙashi, kuma nauyin mutum ɗaya kan iya gusar da abin da ya tokare masa sarari. Masu aikin ceto a Turkiyya sukan ɗaga hannu a kashe injuna, kowa ya yi tsit, sannan su yi kira ko akwai mai jin muryarsu. A wannan lokaci ba a tafiya, ba a magana, kuma a mayar da kyamara yanayin da ba ta ƙara. Ƙasashenmu ba su saba da manyan girgizar ƙasa ba, amma wanda ya je wurin benen da ya rushe a Ikoyi a 2021 ko makarantar da ta rufta a Jos a 2024 wannan ƙa'ida ce a kansa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne manta cewa gawa tana da mutunci, mai makoki kuma yana da haƙƙi. Bayan girgizar Haiti ta 2010, an harbe wata yarinya 'yar shekara 15 a Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, masu ɗaukar hoto suka yi sahu a gefen gawarta kowa yana neman nasa, har wani daga cikinsu ya juya kyamara ya ɗauke su, hoton ya tayar da muhawara mai zafi a kan tarbiyyar sana'ar. A gefe guda kuma akwai hoton da Adem Altan na kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauka a birnin Kahramanmaras na Turkiyya bayan girgizar 2023, na wani uba zaune a kan ɓaraguzai cikin sanyi yana riƙe da hannun 'yarsa da ta rasu a ƙarƙashin gini. Hannun kawai ake gani, uban ne kuma ya kira shi ya ce ya ɗauka, sannan mai hoton ya matsa ya tambayi sunansa da na 'yar. Ba na cewa kada a nuna mutuwa, domin duniya ba ta aiko taimako a kan abin da ba ta gani ba. Abin da nake cewa shi ne a fara yin sallama, a nuna kyamara a jira amincewa ko da da ido ne, idan aka ƙi a sauke ta, kuma kada a buɗe fuskar da dangi suka suturta. Yara kuwa a nemi izinin babbansu, kuma kada a haɗa fuskar yaron da ya rasa iyaye da sunansa da sunan ƙauyensu a wuri ɗaya, domin ba masu tausayi kaɗai ke kallon hotuna ba.

Bayanin hoto aiki ne da ake rainawa saboda gajiya. A rubuta wuri da rana da abin da ido ya gani, a bar abin da aka ji a bakin mutane, a kuma daidaita agogon kyamara da lokacin ƙasar. Bayan girgizar Nepal wani hoton yaro rungume da ƙanwarsa ya zaga duniya a matsayin marayun bala'in, alhali wani mai ɗaukar hoto mai suna Na Son Nguyen ne ya ɗauke shi a Vietnam tun 2007.

Batun haƙƙin mallaka shi ne inda mai zaman kansa ya fi cutuwa, kuma labarin Daniel Morel ya isa darasi. Morel ɗan Haiti ne, yana Port-au-Prince lokacin da girgizar 12 ga Janairun 2010 ta auku, ya ɗauki wasu daga cikin hotunan farko, ya sa su a intanet ta hanyar Twitter cikin sa'o'i kaɗan. Wani mutum ya kwafe su ya sake saka su kamar nasa, AFP ta ɗauka daga can ta rarraba da sunan wancan, Getty Images, wato kamfanin sayar da hotuna, ita kuma ta sayar wa abokan cinikinta. Da Morel ya yi ƙorafi, AFP ce ta riga shi zuwa kotu tana cewa sharuɗɗan Twitter sun ba ta dama. Kotun tarayya a New York ba ta yarda ba, kuma a Nuwamban 2013 aka yanke a biya shi dala miliyan 1.2. Ya yi nasara, amma sai da ya kusan shekara huɗu yana shari'a, abin da kaɗan ne cikin masu wannan sana'a za su iya jurewa. Gyaran ya fi sauƙi tun da farko: a sa suna da hanyar tuntuɓa a cikin bayanan da ke tafiya da fayil ɗin, a saki ƙaramin kwafi mai tambarin suna a shafukan sada zumunta, a riƙe asalin fayil a wurare biyu, a kuma aika wa editoci kai tsaye kafin a saki komai a fili. Idan saƙo ya zo ana cewa a ba da hoton kyauta za a rubuta suna, a amsa da farashi a rubuce, a fayyace ko na amfani sau ɗaya ne, a wace ƙasa, kuma na tsawon wane lokaci. Sayar da dukan haƙƙi a daren farko saboda kuɗin mota ya ƙare asara ce da ba ta gyaruwa.

Akwai kuma tafiya da wuri. Bayan mako guda manyan kamfanoni sukan kwashe ma'aikatansu, mai zaman kansa ya bi su, alhali a lokacin ne gasa ta ragu kuma labarin ya fara zurfi. Wanda ya rubuta lambobin wayar mutanen da ya ɗauka, ya aika musu da hotunansu, shi ne za a buɗe wa ƙofa idan ya dawo. Shekara guda bayan girgizar Turkiyya, dubban iyalai a birnin Antakiya na lardin Hatay suna zaune a cikin kwantenoni, kuma a ƙauyukan tsaunukan Atlas na Maroko, inda ta 8 ga Satumban 2023 ta kashe kusan mutum 3,000, da yawa sun yi hunturu a cikin tantuna.