In za ku je sauraron masu goge huɗu a Prag

'Yan uwa, duk wanda Allah ya kai shi Prag, babban birnin ƙasar Cak, ya daure ya shiga zauren Rudolfinum ranar da masu goge huɗu za su yi wasa. Ƙananan goge biyu ne, da matsakaici, da babba mai kaurin murya. Ba ganga, ba mawaƙi, ba lasifika, don haka ku nemi kujera kusa da su.

Kafin ranar, ku saurari kiɗan goge huɗu da Smetana, wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Cak, ya tsara a 1876 kan rayuwarsa, yana nan a YouTube. Bawan Allahn nan ya kurumce a 1874. Can wajen ƙarshe, mai goge na farko zai ja wata siririyar ƙara mai tsawo, irin wadda ta riƙa damun kunnensa kafin jinsa ya ɗauke. Ni dai duk na zo wurin sai tsigar jikina ta tashi.

Kiɗan kashi huɗu ne. In sun ɗan tsaya tsakani, kada ku tafa, ba su gama ba.

Babban bikin kiɗan birnin yana farawa 12 ga Mayu, ranar rasuwar Smetana, ku sayi tikiti da wuri.