Darasi na 9: Killace Sabon Kifi Kafin a Zuba Shi a Kandami

Mai kiwon tarwada yakan yi wata huɗu ko biyar yana ciyar da kifinsa. Ya sayo sababbin 'ya'yan kifi ya juye su cikin tsofaffi. Bayan mako ɗaya sai ya fara tsintar matattu da asuba. Sau da yawa cutar ta shigo ne tare da baƙin, kuma ido ba ya ganinta a ranar farko.

Maganin wannan shi ne killacewa. A ware tanki ko babbar roba nesa da kandami, a inuwa. Sabon kifi ya zauna a ciki mako biyu zuwa huɗu. 

A Sakkwato zafin bazara yakan wuce digiri 40, don haka a ɗauko kifi da sassafe ko da yamma. In an iso gida kada a yi gaggawa. A riƙa ɗebo ruwan tankin ana zubawa kaɗan-kaɗan cikin jarkar da kifin ya zo a ciki, har kamar minti 20, don jikinsa ya saba. Sannan a kwashe shi da koma. Ruwan jarkar a zubar da shi a busasshiyar ƙasa, kada ko ɗigo ya shiga tanki. Ranar farko ba a ba da abinci. In ruwan famfo za a cika tankin da shi, a bar shi ya kwana biyu a buɗe kafin a sa kifi, don sinadarin kulorin ya fita. Ana iya sa gishirin abinci giram 3 a kowace lita.

Babban aikin yana wurin duba kifin, safe da yamma. A tsuguna a bakin tanki a zuba ido. Lafiyayyar tarwada tana rububin abinci, tana leƙowa sama ta shaƙi iska ta nutse nan take. Wadda ta tsaya cak a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ba ta da lafiya. A duba gashin bakinta, ya yi fari ko ya guntule? Ciki ya kumbura? Akwai jan gyambo a jiki? Wani lokaci za a ga fararen ɗigo-ɗigo a fata kamar an barbaɗa gishiri, kifin yana goga jikinsa a bango. Wannan ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa, kuma tana yawan damun kifi da hunturu.

Kaya ma suna ɗaukar cuta, kuma a nan mutane suka fi sakaci. Tankin killacewa ya samu nasa koma da nasa bokiti. Kada a ari na maƙwabci. Bayan aiki a wanke su, a shanya a rana, a wanke hannu da sabulu.

Kifin da ya mutu a cire shi nan take a binne. Kada a jefa wa sauran su ci, kada a watsa shi ko ruwansa cikin gulbin Rima, masunta na cin abinci a wurin. In mutuwar ta ci gaba, a nemi malamin gona ko likitan dabbobi kafin a sayi magani. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen kiwon kifi.

Aikin gida: Rubuta alamomi uku na kifi marar lafiya. Tanki mai lita 200, giram nawa na gishiri zai ci?