Lemon "ba suga": kurakuran da na gaji da gani

Da zarar likita ya ce wa mutum yana da ciwon suga, sai ka ga ya nufi kasuwar Singa ya ɗauko katan na lemon da aka rubuta wa Zero ko Diet, ya dawo gida yana ganin ya gama da matsala. Na ga haka a dangi, na ga haka a majalisa, kuma kurakuran iri ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Mafi haɗari shi ne ba wa mai ciwon suga irin wannan lemo lokacin da sugansa ya faɗi. Wannan ya kusa raba mu da Hajiyarmu. Tana shan glibenclamide, maganin rage suga a jini, ta sha maganin safe, ba ta karya ba, sai gumi da karkarwa suka kama ta, maganarta ta fara harɗewa. Yaran gida suka san lemo ake bayarwa, suka buɗe firij suka ɗauko nata na "ba suga". Ta shanye, ba abin da ya sauya, domin ba sugan da zai shiga jini. Sai a asibiti ta farfaɗo bayan ƙarin ruwa. Don Allah ku koya wa kowa a gida, har 'yar aiki: in na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70, ko alamun suka bayyana, a ba da lemo mai suga kamar rabin kofi, ko babban cokali ɗaya na suga a ruwa, a jira minti 15 a sake gwadawa. In ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai a baki, a yi asibiti. Ni tun daga ranar na ware kwalba ɗaya mai suga, na ɗaura mata jan zare, kowa ya san ta gaggawa ce.

Na biyu, mayar da lemon lasisin ci. Mutum zai zauna da shinkafa da taliya faranti guda, ko gurasa da tsire da daddare, ya kora da Coke Zero ya ce yana rage ƙiba. Haba malam! Sitacin da ke cikin farantin nan suga yake komawa a jiki. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙin da ake sawa a madadin suga wajen rage ƙiba, domin ba su nuna amfani mai ɗorewa ba. Shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. Su kam lemon ya fi musu mai suga, amma ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin ruwa.

Akwai kuma masu firgita jama'a a WhatsApp cewa aspartame, sinadarin zaƙin da ake sa wa irin wannan lemo, na kawo kansa, su kuma jama'a su koma wa mai suga a guje. Abin da ya faru a watan Yulin 2023 shi ne, cibiyar binciken kansa ta hukumar ta sa shi a rukunin 2B, wato mai yiwuwa ne amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Iyakar da aka amince da ita ba ta canza ba: miligiram 40 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 sai ya sha gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya haure ta. Barin wannan a rungumi suga, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Haƙora ba ruwansu da rashin suga, tsamin lemon kansa yana cinye su. A kurkure baki da ruwa bayan an sha. Mai kalar kola yawanci yana da sinadarin caffeine mai hana barci, kada a sha bayan Isha'i a zo ana kukan rashin barci. Alewa da cingam masu sinadarin zaƙi na sorbitol suna sa zawo in an yawaita. Yaron da aka haifa da cutar PKU, cutar gado da ke hana jiki sarrafa wani sinadari da ke cikin aspartame, ba ya shan aspartame ko kaɗan.

Zoɓo da kunun ayar bakin titi ma ku tambaya. Wasu masu sayarwa suna haɗa suga da sakarin don sauƙin kuɗi, ba awo, ba rubutu. Ɗan ɗacin da ke biyo bayan zaƙin shi ke tona su. Maltina, zuma da lemon kwali mai "ba a ƙara suga ba" duk suna ɗaga suga, komai kyan sunansu.

A gidanmu yanzu zoɓo muke dafawa da citta da kanumfari, a sa ƙanƙara, ba zaƙi. Shayi kuwa rabin cokalin suga nake ragewa duk mako, har harshe ya saba. Lemon "ba suga" sai ranar biki ko suna, gwangwani ɗaya, tare da abinci.