Kafin ka sa hannu a takardar da ChatGPT ya rubuta maka

Makon jiya wani dattijo daga Mabera ya shigo ofishinmu na lauyoyi da takardar cinikin fili, shafi huɗu, Turanci tsaf-tsaf. Ɗansa ne ya sa ChatGPT, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, ya rubuta. Na karanta har ƙarshe, ban ga maganar amincewar gwamna ba, alhali filin mai takardar mallaka ta gwamnati ne, kuma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce irinsa ba ya sauya hannu sai da yardar gwamna. Na ce, "Baba Alhaji, Turancin ya yi kyau, amma in rigima ta tashi, ba wayar yaron za a kira gaban alƙali ba, ku za a kira."

Ni ma ina aiki da ƙirƙirarriyar basirar nan kullum, ba zan ɓoye ba. Ga yadda nake yi.

Tun farko ka gaya wa ChatGPT a Najeriya kake, a jihar Sakkwato. In ba ka faɗa ba, yakan ɗauko maka salon Amurka. Kada kuma ka zuba masa sunan mutum da lambar NIN ko BVN ɗinsa. Ni "mai saye" da "mai sayarwa" nake rubutawa, sai na sauke takardar sannan in cike sunaye. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan wanda ke riƙe da bayanan mutane, kuma akwai hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC, da ake kai wa ƙorafi.

Inda ya fi haɗari shi ne ambaton doka. Duk sashen da ya kawo, duk shari'ar da ya ce an yanke, buɗe littafi ka gani da idonka. Yana iya ƙirƙiro shari'a sukutum, da sunayen masu ƙara da shekara, ko gezau. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga musu. Waɗannan fa lauyoyi ne masu lasisi, balle ɗan Alhaji.

Rabon gado kuwa, don Allah kada ka bar masa. Magaji ɗaya da aka manta ba a ambata ba ya isa ya rushe lissafin duka. Kai wa malami ko kotun shari'ar Musulunci.

Idan kuma aka turo maka murya a WhatsApp wadda kake zargin na'ura ce ta kwaikwayi wani, kada ka goge, kada ka tura wa kowa. Adana ta a wayar da ta shigo, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayanin na'urar da hujjar ta fito kafin kotu ta karɓa.

Alhaji dai ya bar takardar a wurinmu. Cikin shafuka huɗun, ɗaya da rabi muka iya amfani da shi.